Farin Kunne a Gindin Ɗorawata

Akwai wani wari da gindin itace ke yi idan marka ta zauna, mai nauyi, kamar an buɗe rumbun da ya daɗe yana yoyo. Shekaranjiya da hantsi na shaƙe shi a tsohuwar gonarmu ta bayan ganuwa, ina tsaye a ƙarƙashin ɗorawata, kuma tun kafin in sunkuya na san abin da zan gani. Na ture ciyawa da sandata. Ga su nan jere a gindinta, farare tas, wani bisa wani, kamar kunnuwa sun ɓullo daga cikin ɓawo suna saurare. Da muna yara kunnen itace muke kiransu. Na tsaya ina kallonsu, sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta da daɗi. Abin da na yi ta roƙo ina yaro har na gaji, shi ne aka kawo mini yanzu da gemuna ya yi fari, bayan wanda na roƙa dominsa ya daɗe a ƙasa.

Bari in koma da kai baya, don ka san dalilin da zai sa yaro mai hankali ya roƙa wa itacensa ciwo.

Kakana na wajen uba masassaƙi ne. Baba Tsoho muke kiransa, mu da duk unguwa. Turmi, akushi, kujerar mata, ƙotar fartanya, allon karatu, babu gidan da za ka shiga a ɓangarenmu na Birnin Gwari ka rasa aikin hannunsa. Zaurensa kullum cike yake da ƙamshin ɗanyen itace, ƙasa kuwa ba a ganinta don ɓarɓashin sassaƙa. Idan ruwa ya ɗauke yakan shiga daji, ya wuce duwatsu ya nufi dajin Mariga, ya kwana biyu ba a gan shi ba, sannan ya dawo da jakuna ɗauke da gungume. Yana da gizago guda, baƙin ƙarfe mai ƙotar ƙirya, wanda ba ya rabuwa da kafaɗarsa. Ba wanda ke taɓa shi. Ko matarsa in za ta yi shara sai ta kewaye shi.

'Ya'yansa ba su gaje shi ba. Mahaifina ya bi fatauci, yana tafiya Gwanja sayen goro da ayari, baffana kuma noma ya riƙe. Saboda haka kowa a gidan ya san gizagon nan jika zai faɗa wa, kuma ni ban taɓa shakkar wane jika ba. Ni ne babban ɗan babban ɗa. A zaurensa na yi rarrafe. Ni nake tsince masa ɓarɓashi in kai wa mata su hura wuta. Idan ya ce "abokina," ba sai na waiwaya na duba da wa yake ba.

Sai mijin goggona ya rasu a wani ƙauyen manoma da ke gabas da gari, ta dawo gida da ɗanta. Tsarana ne, ɗan siriri mai manyan idanu, ba ya son magana sai da ni, don tsakaninmu akwai wasan taubasai. Tun ranar da ya iso muka fara musun wane ne ubangidan wani.

"Barana, ɗebo mini ruwa," in ce masa.

"Bara shi ne wanda aka tarar a gida yana shara," ya ce. "Ni baƙo ne, a shimfiɗa mini tabarma."

Ina sonsa, kada ka ɗauka ba na sonsa. Amma a raina na ajiye shi a inda ya dace: ɗan mace, wanda gidan ubansa yake wani wuri.

Baba Tsoho yana da wata al'ada. Duk jikan da ya warke daga kaciya, sai ya kai shi gona ya ɗora hannunsa a jikin itace guda, ya ce daga yau naka ne. 'Ya'yan itacen na tukunyar uwarka ne, inuwarsa ta kowa ce, amma ba mai sa masa ƙarfe sai da izininka. Tare aka yi mana kaciya ni da taubashina, tare kuma aka kai mu. Ya ba ni wata matashiyar ɗorawa a kan tudu, inda iska ke kaɗawa ta kowane ɓangare. Shi kuma ya ba shi wata irinta a gangare, kusa da hanyar da mata ke bi zuwa rafi. Da ya gama sai ya dube mu duka ya ce, "Zan ga riƙon kowa." Ba ƙari. Amma mun gane. Wanda riƙonsa ya gamshe shi, shi zai bi shi daji.

Ni dai ban yi wa tawa komai ba, don ban ga abin da take buƙata ba. Nakan hau in zauna a reshe in hangi ganuwa da shanun Fulani suna gangarawa fadama. Taubashina kuwa ya ɗauki abin da zafi. Ɗan manomi ne, abin da ya tashi ya gani shi ne dawa, kuma dawa in kana sonta sai ka yi mata huɗa, ka tara mata ƙasa a gindi, ka ba ta taki. Haka ya yi wa ɗorawa. Ya janyo ƙasa da fartanya ya tula mata har ta kai gwiwarsa. Goggo ta taya shi da tokar murhu da sharar gida da kashin awaki, duk a jikin ɓawo. Ko damina ta sauka bai daina kai mata tulun ruwa ba. Da iska ta karya mata wani babban reshe, sai ya kwaɓa laka ya yaɓe wurin, yadda ake yi wa bango in ya tsage. Ga kuma matan da ke wucewa rafi: wadda haƙori ya dama sai ta roƙe shi ɗan sassaƙe, shi kuwa ba ya iya cewa a'a, har jikin itacen ya zama duk tabo.

Lokacin ni ma na ɗauka shi ke kan hanya. Ina zaune a reshena ina ganinsa yana ta kai da kawo, ina tsoron gizago zai kuɓuce mini.

Damina ta zagayo, ta sake zagayowa. Cikin wata marka, irin wadda ake kwana ana wuni ba a ga rana ba, ya zo ya same ni idanunsa sun yi ja. Ya ja ni gangare ya nuna mini. Lakar da ya yaɓa ta tsage, daga ƙarƙashinta wani farin abu ya bazu kamar an shimfiɗa auduga, a bakin raunin kuma ƙananan kunnuwa sun fito. Ganyen wannan ɓangaren ya yi rawaya alhali ko'ina kore ne shar. Warin nan da na gaya maka, ranar na fara saninsa.

"Ubangida, gonarka ta yi naman kaza," na ce masa. "A kawo tukunya?"

 Wannan ne karo na farko da na tsokane shi bai rama ba. Na koma tudu zuciyata fes, ina cewa magana ta ƙare, gizago ya san gidansu.

Washegari Baba Tsoho ya gangara da kansa. Na hau ɗorawata, don daga can ana jin duk abin da ake faɗi a gangare in iska ta juyo. Na zaci faɗa zai yi. Sai na ga ya tsuguna. Tsohon da bai taɓa tsugunawa a gindin tawa ba, ya tsuguna a cikin laka, ya sa hannu ya fara yaye ƙasar da aka tula, yana kiran taubashina ya matso ya gani.

"Duba nan, abokina," ya ce.

Abokina. Na ji kalmar ta hauro tudu ta same ni a ƙirji.

Ya nuna masa yadda ɓawon da ke cikin ƙasa ya yi laushi ya yi baƙi. Ya ce dawa shekara guda take yi, tana son a rufe mata ƙafa, amma itace wuyansa a nan yake, inda saiwa ta rabu da jiki, kuma in ka binne wuyan sai ya riƙa kwana cikin laima har ya ruɓe. Ya ce farin abin nan ba ya huda lafiyayyen ɓawo, ƙofa yake nema: inda reshe ya karye, inda aka sassaƙa, inda wuta ta lasa. In ya samu ƙofa, ya samu danshi, ya samu inuwar da iska ba ta ratsawa, to ya samu gida. Taubashina ya ɗauko wuƙa zai kankare kunnuwan, sai ya riƙe hannunsa.

"Kankare su in kana so, gobe wasu za su fito. Wannan furensa ne kawai. Shi kansa yana ciki yana cin abinci."

Daga ranar, duk safiya bayan an sauko daga masallaci, sai su biyu su gangara. Suka kwashe ƙasa da taki har saiwoyi suka fito suna shan iska. Suka ɓamɓare lakar, don ya ce yaɓe rauni tsare ruwa ne a ciki. Suka sare sarƙaƙiyar da ta kewaye itacen don rana ta shiga, suka yi wata 'yar hanya ruwan tudu ya riƙa bi ta gefe. Ya hana tulun ruwa. Ya tsaya da kansa a bakin hanya ya gaya wa matan rafi cewa mai ciwon haƙori ta zo zaurensa, zai ba ta ɓawon da ya cire daga gungumen da aka riga aka sare. Reshen da ya kamu kuwa ya ce a bar shi sai rani, don sara cikin damina buɗe wata ƙofar ce.

Kuma ba aiki kaɗai suke yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. In sun gama sai su zauna a kan saiwa. Ina jin muryar tsohon tana tashi tana sauka, yana ba shi labarin dajin Mariga, da itacen da ake yin turmi da wanda ke tsagewa, da yadda ake gane mai rami tun daga nesa. Wani lokaci in ji sun yi dariya. Ban taɓa sanin Baba Tsoho yana dariya da ƙarfi haka ba. Ni kuwa ina sama, a kan itace mai ƙoshin lafiya, ganye lif, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni.

A nan ne na fara roƙon. Nakan zagaya ɗorawata ina duba kowane lungu, ko Allah zai sa in ga farin abin nan. Na taɓa tsayawa da fartanya a gindinta, ina tunanin in ja mata ƙasa ni ma, amma da na ɗaga kai na ga yadda take, sai hannuna ya ƙi. Ina son ta yi ciwo, ba na son in zama ni na sa mata.

Wata safiya na gani. A ɓangaren da rana ba ta cika bugu ba, wasu fararen tabbai sun manne a jikin ɓawo, zagaye-zagaye, fari mai ratsin toka. Ban san lokacin da na diro ba. Na ruga gangare ina ihu, kai ka ce albishir na kawo.

"Baba Tsoho! Tawa ma ta kamu! Ta kamu sosai!"

Ya dube ni, ya dubi taubashina, sannan ya miƙe ya biyo ni. Wannan hawan tudun da muka yi, shi a gaba ni a baya, har yau ina iya jin daɗinsa. Ya isa, ya sa farce ya ɗan kankari tabon. Ya ɓare kamar busasshen ƙanzo, ƙarƙashinsa ɓawo tsaf, da ƙarfinsa. Ya shinshina yatsansa. Ya juya gizago ya ƙwanƙwasa jikin itacen da ƙeyarsa, ya ba da sauti a dunƙule.

"Furfura ce," ya ce. "A kan fata take zaune, ba ta cin komai. Itacen da ke shan iska mai kyau shi ke yin ta. Ka bar ta, kada ka kankare, ka ji masa ciwo a banza."

"Ba za a yi mata komai ba?"

"Me za a yi wa mai lafiya?"

Ya juya ya gangara. Duka tsayuwarsa a wurina ba ta kai a sha ruwa a ajiye ƙwarya ba. Taubashina, wanda ya biyo mu, ya tsaya ya dafa kafaɗata.

"Barana, ka yi haƙuri," ya ce. "In kana so in sam maka kunne ɗaya ka dasa."

Na kai masa duka, ya goce yana dariya. Bakinsa ya dawo, nawa ya mutu.

Bayan girbi, da ƙasa ta bushe, suka sare reshen. Baba Tsoho ya bi shi da gatari har ya wuce inda itacen ya yi fari-fari yana marmashewa kamar gari, ya kai inda yake ja mai tauri. Ya yi saran a karkace don kada ruwa ya samu wurin kwanciya, bai kuma ci cikin kumburin da ke gindin reshe ba, don ya ce daga nan itace ke janyo sabuwar fata. Suka ja ruɓaɓɓen reshen nesa suka ƙone shi, ya sa bakin gatarin cikin wutar kafin ya mayar da shi gida. Saura gyaran bakin saran ya yi sumul. Ina kallo daga reshena ya sauke gizago daga kafaɗa, ya juya ƙotar, ya miƙa wa ɗan goggona.

Ban yi kuka ba. Na dai ƙanƙame reshe har ɓawonsa ya yi mini shaida a hannu.

Duk da haka ban fid da rai ba, don ina da sauran hujja guda. Ƙarshen rani ɗorawata ta yi fure, jajaye masu lilo kamar tuntu, ƙudan zuma suna ta gunji a kai. Da bazara ta zo ta yi 'ya'yan da sai da aka tara yaran gida kafin a kwashe. Mahaifiyata ta samu garin ɗorawa, ta samu kalwar daddawa har ta raba wa maƙwabta, aka jiƙa ɓawon aka yi makubar daɓen ɗakuna. Ta gangare kuwa, mai hannu ɗaya, abin da ta yi bai cika tafin hannu biyu ba. Na zaɓi mafi kyawu na cika kwando na kai zaure na dire a gaban Baba Tsoho. Ya yi hamdala, ya ce ƙasar tudun nan tana da albarka, a kai wa mata. Taubashina ya shigo da 'yan tsirarun nasa a cikin hula, yana jin kunya. Tsohon ya ɗauki ɗaya, ya ɓare, ya sa a baki yana tsotsa a hankali, garin ya ɓata masa gemu da rawaya.

Na kasa daurewa. Na ce, "Baba Tsoho, shi ne fa ya sa wa tasa ciwo. Tawa ko sau ɗaya ba ta yi ba."

"Haka ne," ya ce. "Shi ya ɓata, na ga kuma yadda ya zauna da abin da ya ɓata. Taka ba ta tambaye ka komai ba tukuna, abokina. Ban san abin da za ka amsa mata ba."

Da ruwa ya sake ɗaukewa, taubashina ne ya kora jakuna zuwa Mariga. Ni kuma da mahaifina ya ɗaura kayan Gwanja, na ce a tafi da ni. Mahaifiyata ta ɗauka sha'awar fatauci ce. Ni dai na san ba zan iya ci gaba da zama a kan reshen nan ba.

Tafiyar ta ɗauke ni fiye da yadda na yi niyya. Na haye Kwara ban san iyaka ba, na zauna cikin Nufawa, na yi shekaru a ƙasar Yarbawa, na je Borno na ɗauko kanwa. Bakina ya karɓi harsunansu, har nakan yi mafarki da wasu. Amma ko'ina na sauka, kafin in tambayi kasuwa sai idona ya tafi gindin itatuwa. A kurmin kudu, inda rana ba ta taɓa ƙasa, farin kunnen nan ya fi faifai girma, kuma mata suna da irin da suke tsinka a jikin matattun kututture su sa a miya, kamar yadda matan Gwari ke yi a wajenmu, sun san mai ci sun san mai kisa. A Borno kuwa sai ka yi tafiya mai nisa ba ka gan shi ba, don iskarsu ba ta barin laima ta kwana. Na ga masu gonar goro suna share gindin itatuwansu tas, ba sa yarda ganye ya taru a wuya. Na ga inda suke shafa wa rauni toka, na ga inda suke barinsa a buɗe, waɗanda suke yaɓewa da laka kuma duk inda na same su kukansu iri ɗaya ne. Ban ji wani abu a kowane harshe da ya ƙaryata abin da na tsinta daga kan reshena ba. Ilimin duka na samu. Zaman nan a kan saiwa ne ban samu ba.

Ina can Baba Tsoho ya rasu. Labarin ya same ni a zango, a bakin wani falke, bayan an daɗe da share makoki.

Yanzu na dawo don in ƙarasa kwanana a gida. Garin ya canza. Shekarun da hare-hare suka yi yawa mutane sun janye cikin ganuwa, gonakin nesa sun koma daji, hanyar rafin da mata ke bi ta shafe. Tudun ne kawai na gane, da ɗorawata a kansa, ta yi girman da mutum uku ba za su rungume ta ba. Sai kuma abin da na gaya maka na gani a gindinta.

Jiya na aika aka kira taubashina. Ya zo yana dogara sanda, bayansa ya ranƙwafa, gizagon yana kafaɗarsa.

"Barana ya gama yawon duniya," ya ce. "Me ka kawo wa ubangidanka?"

"Na kawo masa aiki," na ce. "Sunkuya ka duba, in bayan zai yarda."

Bai sunkuya ba, don ya riga ya sani. Ya ce shekarar da aka gudu cikin gari ba wanda ya share gonar, ciyawa da kara suka taru a gindinta, gobarar daji ta zo ta lashe ɓawon ɓangare guda. Ta nan ya shiga. Ya ce ya daɗe yana gani, yana share mata gindi duk shekara, amma ƙarfe bai sa mata ba, don mai ita ba ya nan. Na ce ko ya sa ba abin da zai canza, wanda ya kama reshe ake yankewa, wanda ya fito a wuya kuwa ya riga ya cinye ciki da saiwa. Abin da ya rage shi ne a hana yara zama a ƙarƙashinta, a jira rani a kayar da ita kafin iska ta kayar da ita a kan wani. Ya dube ni da manyan idanun nan.

"A ina ka koyi wannan? Gwanja?"

"A can," na ce, na nuna masa reshen da nake zama a kai ina yaro.

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Daga inda muke ana hango tasa a gangare, karkatacciya, mai hannu ɗaya, bakin saran ya rufe ya yi kumburi kamar leɓe. Ganyenta kore shar. Na kau da kai.

Sai ya sauke gizagon, ya juya ƙotar, ya miƙo mini. "Taka ce," ya ce. "Kai za ka tambaye ta."

Na karɓa. Bai kai nauyin da na yi shekaru ina ba shi ba. Na ƙwanƙwasa jikinta da ƙeyarsa, ta amsa kamar ganga, sautin ya shige ciki ya daɗe bai dawo ba. Amma hankalina ba ya kan sautin. Yatsuna ne ke laluben ƙotar, suna neman inda hannun Baba Tsoho ya ci. Akwai gurbi kuwa, ya yi santsi ya yi baƙi, sai dai ƙarami ne, na siririn hannu.

"Wannan ba ƙotarsa ba ce," na ce.

"Tasa ta karye tun da daɗewa. Wannan ce ta uku."

Na miƙa masa abinsa. Muka zauna a kan saiwa, tsofaffi biyu, a gindin itacen da za a kayar in rani ya yi, ya fara ba ni labarin dajin Mariga, da murya mai tashi tana sauka, wadda na san inda ya samo ta. Na saurara har rana ta take. Da zai tafi na ce ya dawo gobe a sake duba ta, ko da yake ni da shi mun san ba sauran abin dubawa. Ya ce zai zo. Na bi shi da ido yana gangarawa da gizagon a kafaɗa, na ji kishin nan ya motsa a ƙirjina, a daidai inda na bar shi ina yaro, ko kaɗan bai tsufa ba.